Garahuni a Hawa na Sha Huɗu

Mu huɗu ne a gidan ran nan: ni, da autata mai jegon kwana goma sha biyu, da mijinta, da jaririyar. Ba mai shiga ba mai fita, annobar nan da ta game duniya ta sa an kulle gari, mu kuma muna can hawa na sha huɗu a unguwar Danau Kota, a ƙasar waje.

Wankan jego ya kai ni ƙasar. Tun zuwana, wata biyu kafin haihuwar, na shuka garahunin da na ƙullo irinsa a bakin zane, a cikin bokitin fenti, a baranda. Ya fito, ya bi ƙarfen barandar ya hau. Shi nake dafa wa autar tawa saboda murɗar cikin da ke hana ta cin abinci, kuma mai jego in ba ta ci ba, nono ba ya zuwa. Amma ruwan garin nan bai san damina ba, bai san rani ba, kullum da la'asar sai ya sauko. Saiwar ta fara ruɓa. Da na ga haka na raba ganyen biyu, na tsinke rabi na shanya a faifai a inuwa yadda muke yi a gida, don ya kai mu arba'in.

Ran nan na ɗaga faifan na tarar ya yi funfuna fari fat. Saura rabin da ke jikin reshe, in shi ma ya tafi shi ke nan.

Autata ta leƙo ta ce, “Inna, nan ko tsumma ba ya bushewa sai a ɗakin esi. Sanyin esin da kika hana a kunna.”

Ni na hana, gaskiya ne. Mai jego da wuta aka san ta. Ɗaki ɗaya na ƙyale, wanda mijinta ke karatu a ciki, ni kuwa ban taɓa taka ɗakin suruki ba, tun da na zo ma gaisuwa kawai ke haɗa mu, shi a durƙushe, ni ina kallon bango.

Na ce, “Ki gaya wa maigidan ina son aron iskarsa.”

Yana tsaye a bakin kicin, yana ji. Ya ce wa matarsa, “Ki ce wa Hajiya boleh, ɗakin nata ne.”

Na ce, “Me ya ce?”

Ta ce, “Ya ce to. Ku dai ku yi ta aike na, ni da ko miƙewa ba na iyawa.”

“In kin sha ɗacin kya miƙe.”

Na tsinke sauran ganyen na zuba, shi ya karɓi faifan ya kai. Da yamma na hango ta ƙofa ya tara ganyen wuri ɗaya kamar tulin shara, ya ɗora littafi a kai wai kada iska ta kwashe. Mai ilimi ke nan. Na san in ya kwana biyu a haka zai bi ɗan'uwansa.

Washegari da ya shiga wanka na yafa mayafi, na yi sallama a ɗakin da ba kowa, na shiga. Sanyi ya kama ni har ƙashi. Na ɗauke littafin, na baza ganyen ɗaya bayan ɗaya, na juya kowanne, na fito na ɗora ruwan wankan mai jegon.