Tocilar Kawu Habila

Kawuna Habila, yayan mahaifiyata, mutumin Ƙarfi ne, amma tun wajen 1976 a Funtuwa yake aiki, a wani babban sito na hatsi da irin shuka. Aikinsa duba buhu. Kowane buhu an ja masa layuka da fenti a ƙugu: baƙi na masarar ci, ja na irin shuka da aka barbaɗa wa maganin ƙwari, wanda guba ne ga mutum. Siton duhu gare shi ko da rana tsaka, don haka kullum da tocila a hannunsa. Zai haska, ya ce "ci" ko "shuka", 'yan dako su ɗauka su kai inda ya dace.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Mahaifiyata Atu kaɗai ya gaya wa, ya kuma roƙe ta ta yi shiru. In Jimoh mai kula da siton ya ji, aiki ya ƙare, ga shi gidansa da namu duk a albashin nan muke ci. Ya riƙa matsawa kusa da buhu har hancinsa na taɓa shi.

"Malam Habila, dubawa kake ko shinshinawa?" in ji Shitu, wani ɗan dako.

"Ɗauka kawai, ƙato. Tuwon mutum uku ka ci da safe."

A 1983 ruwa ya ɗauke da wuri, gonarsa ta Ƙarfi ba ta yi komai ba. Ana gab da Kirsimeti Jimoh ya ce kowane ma'aikaci ya ɗauki buhu ɗaya cikin tsofaffin da suka rage. Kawu ya haska wani da fentinsa ya koɗe, ya zaɓa, ya kawo gida da kansa.

Matarsa Liatu ta kwance bakin buhun, ta ɗebo a tafin hannu.

"Baban Rahab, masarar nan da ja-ja a jikinta."

"Jar ƙasar masussuka ce. Ni na duba buhun."

"To, tunda kai ka duba."

Da shekarar ƙoshi ce, da ta surfa ta wanke. Amma a bana wa zai yarda ya yi asarar dusa? Haka aka kai ta inji aka niƙa gaba ɗaya.

Duk wanda ya ci tuwon ya kwanta da amai da ciwon ciki. Manya sun tashi. Rahab, autarsu, ko makaranta ba ta shiga ba, ta rasu a hanyar asibitin Malumfashi, a bayan uwarta.

Bayan an dawo daga kushewa mahaifiyata ta jawo buhun tsakar gida, cikin rana. Ina tsaye a wurin, na ga layukan, ja ne.

"Yaya, wane launi ne wannan?"

Ya durƙusa, ya daɗe fuskarsa a jikin buhun.

"Baƙi nake gani, Atu."

Bai koma Funtuwa ba. Ya aika wa Jimoh cewa a nemi mai ido. Sauran shekarunsa ya yi su a ƙofar gida yana tufkar igiyar rama, kuma har ya rasu bai sake sa masara a baki ba, ko gasasshiya. Liatu ta ci gaba da dafa masa dawa a tukunya daban. Ban taɓa jin ta tayar da maganar ba.

Tocilar tana cikin akwatina. Batirin ya narke a ciki, murfin ya ƙi buɗuwa.