Danshi a Gindin Darbejiya

Shekara biyu ke nan da rasuwar wani tsoho maƙwabcinmu a unguwar Aljirif, Kirista ne daga duwatsun Nuba. Mu masu gasa tubali mukan haƙe ƙasar bakin kogin Nilu mu bar ramuka. Shi kuwa duk Lahadi in an tashi daga coci, sai ya ja mutanensa su bi ramukan suna dasa darbejiya. Kuma ba ya kai ruwa baki sai ya fara zagaye gindin bishiya da shi.

Wata rana na ce masa, "Baba, kai ke jin ƙishi, amma itace kake fara shayarwa?"

Ya ce, "Ɗana, Ubangiji ya halicce ta kafin ya halicci mutum. Babba ke fara sha."

Yaƙi ya watsa mu, a hanyar gudu tsohon ya cika. Makon jiya na dawo unguwar, ba kowa, ko kare babu. Na ɗauki gatari zan sare babbar darbejiyarsa in samu itacen gasa tubali. Rana tsaka ce, ƙasa duk ta tsattsage. Amma gindin bishiyar a jiƙe yake, an zagaye shi da ruwa daidai yadda yakan yi. Na duba, babu sawun kowa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni.

Na ajiye gatarin. Na zuba mata ruwan gorana, sannan na sha.

Allah ya sanyaya makwancinsa yadda ya sanyaya ƙasar nan, ya kuma tsare bishiyoyinsa daga hannu irin nawa.