Lahadi Huɗu a Bencin Horo

Ban nemi zama uwar matasa ba. A taron zumuntar mata aka ce ana son mace guda da za ta riƙa zama da matasan cocinmu na Barnawa, sai kowa ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Ni kuwa irin wannan shirun haushi yake ba ni, sai na ɗaga hannu. Shekarata biyu ke nan a lokacin da gama ajin yaƙi da jahilci, wanda na shiga da furfura a kaina bayan an rufe masaƙarmu ta Kakuri, maigidana kuma ya rasu. Na ɗauka tunda yanzu ina bin karatu da yatsa, babu abin da zai sake rikita ni a coci.

Ba wanda ya gaya mini mene ne aikin. Na tambayi Rabaran, ya ce, "Ki zama uwa gare su." Na ce, "Baba, biyar na haifa, wannan na sani. Ranar Asabar ƙarfe huɗu, in sun taru, nake tambaya, me zan yi?" Ya yi dariya ya wuce. Don haka sai in dama kunun zaƙi in kai musu wurin koyon waƙa, in zauna a gefe. Turanci suke yi da buroka, rabi yana wuce ni. In sun fashe da dariya sai in duba zanena, ko da ni ake.

Mutum guda ce ke juyowa ta fassara mini, yarinyar da ke ja musu waƙa. Ɗinki take koyo a wani shago kusa da kasuwa, tana zaune wurin gwaggonta. Takan ce, "Mama, ba da ke ake ba, mai ganga ne ya sake yin latti."

Ita ce ta yi ciki ba aure. Wanda ya yi cikin yana Abuja, ba ɗan cocinmu ba ne, ba abin da ya same shi. Ita kuwa sakatare ya tashi lokacin sanarwa, bayan ya gama maganar aikin gayya a gonar coci ta Kakau, ya karanta cewa dattawa sun sa ta a horo na wata shida.

A wurinmu horo yana da mazauni. Benci ne na ƙarshe, jikin ƙofa. Mai horo ba ta waƙa a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ba ta cin Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi, amma dole ta zo kowace Lahadi ta zauna nan a gan ta. In ta cika watanninta, a kira ta gaba a karɓe ta. In ta daina zuwa, sunanta ya fita daga ikilisiya, abin da za ta haifa ma ba za a miƙa shi ga Allah a gaban jama'a ba. Ko ranar Kirsimeti da mutane ke tsaye a waje, ba mai ɗora jikinsa kan bencin nan.

Lahadi ta farko ta zo. Ta biyu ba ta zo ba. Ranar Litinin na hau keke na same ta a shago tana guga.

"Ke, ina kika shiga jiya?"

"Mama, ba zan iya ba. Duk wanda ya shigo sai ya bi ta gabana. Har yara leƙo ni suke yi ta taga."

"To sai me? Kallo ya taɓa kashe wani?"

"Ai ke ba ki taɓa zama a wurin ba."

Gaskiya ta faɗa, ni kuma ba na musu da gaskiya. Na ce to, zan zauna. Ban yi shawara da kowa ba. A tunanina duk cocin an san ni, an san shekaruna, an san aikin da aka ba ni.

Ranar Lahadi na wuce wurina na cikin mata, na koma baya na zauna kusa da ita. Matar da ke nuna wa mutane wurin zama ta taɓa kafaɗata, ta ce, "Mama, akwai wuri a gaba." Na ce na gani. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Ayya," ta tafi. Ban gane ayyar ba. Da aka tashi, mata suka riƙa gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, wata har ta ce in yi haƙuri, kowa yana faɗuwa. Na ɗauka gwiwata take nufi, don kwanan baya na zame a bakin famfo.

A Lahadi ta uku da fara zamana a bencin aka yi Jibin Ubangiji. Dattijon da ke ɗauke da tiren gefenmu tare muka yi aiki a masaƙa, ya san ni tun ina goyo. Ya zo bencin gabanmu, ya ba kowa, ya juya. Hannuna yana miƙe a iska. Na kira shi a hankali, ya yi kamar bai ji ba.

Bayan Lahadi ta huɗu shugabar zumunta ta zo gidana da rana, ina tsince wake.

"Yaya, na zo in ji daga bakinki."

"Ki ji me?"

"Ba a yi sanarwa ba. Mun ce ko don girmanki ne dattawa suka rufa miki asiri."

Na ajiye tiren. "Wane asiri?"

"Wasu sun ce burkutu kike dafawa a ɓoye. Wasu kuma sun ce namiji ne."

"Namiji? Ni? Da wannan gwiwar?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba wanda ke zama a bencin nan don shan iska. Ta roƙe ni in ajiye zanen zumunta tukuna, har magana ta fito fili. Na yi mata ihun da maƙwabta suka leƙo. Da ta tafi na zauna ina tunani, in da ni ce na ga wata a wurin, ashe ni ma abin da zan ɗauka ke nan.

Ranar Laraba bayan addu'a na tare Rabaran da dattawa, na ce a nuna mini dokar da na karya, yanzu ina karatu, zan karanta da kaina. Suka buɗa takardunsu, ba su samu ba. Na ɗauka na yi nasara. Sai mafi tsufa a cikinsu ya ce, "Mama, horo kaɗaici ne. In ana taya ta zama, ba ta yi horon ba." Wani ya ƙara da cewa wanda ya zauna a bencin ya shaida wa jama'a ya yi laifi, in kuwa ban yi ba, to ƙarya na yi wa ikilisiya. Na ce to wanne ne, mai laifi ce ni ko maƙaryaciya? Rabaran ya ce ba ko ɗaya, zuciyata mai kyau ce. Sannan suka yanke cewa Lahadi huɗun nan ba sa cikin lissafi. Wata shida ya zama bakwai.

Ni na kai mata labarin. Ta saurare ni tana warware wani ɗinki.

"Mama, kafin ki dawo wurina, da shigowa kawai ake kallona. Yanzu har a tashi ana waiwaye."

"To in tashi?"

"Ban ce ba."

"In zauna?"

"Ban ce ba."

Na koma wurina cikin mata. Wuyana har ciwo yake don hana kaina juyawa. Na sa a raina ba za ta sake zuwa ba, kuma ni na jawo. Amma ta zo. Kowace Lahadi tana nan, ciki yana girma, har ta haihu, dattawa suka ɗaga mata ƙafa na mako uku, ta dawo da goyo. Ni kuwa ba a taɓa tashi an wanke ni ba, tunda ba a taɓa tashi an ce na yi ba. Zanen dai na ci gaba da ɗaurawa, ba wadda ta sake tanka mini. Wani ɗan kwaya ya taɓa raɗa mini cewa kawunsa yana tambaya ko ina sayar da burkutun a jarka.

Ranar da ta cika, Rabaran ya kira ta gaba, ya yi addu'a, ya ɗauki jaririn ya miƙa shi. Mata suka yi guɗa, har da waɗanda suka fi kowa waiwaye. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Na gaya wa matasa ranar Asabar mai ja musu waƙa za ta dawo.

Ba ta zo ba. Ranar Lahadi ma haka. Na sake hawa keke.

Ta ce ta kama ɗaki a Sabon Tasha, can take zuwa wani coci yanzu.

"Ke! To wahalar wata bakwai ta mece ce?"

"Don kada a ce kora ta aka yi, Mama. Na cika musu, sannan na tafi da ƙafata."

Na tambaye ta ko tun farko haka ta shirya, ko kuwa zaman da na yi ne ya kai ta ga haka. Ta kwance goyon ta miƙo mini, ta ce in riƙe mata shi ta gama hannun rigar nan, mai ita tana hanya. Na riƙe shi har mai rigar ta zo ta tafi. Ban sake tambaya ba.

Da Rabaran ya tambaye ni ina 'yarmu, na ce tana nan lafiya, tana zuwa coci, ba namu ba. Ya ce to mu gode wa Allah ne ko mu je mu nemo ta? Na ce, "Baba, ni kake tambaya?"