Matar da Muka Zarga a Port Mourant

Kullum gari na wayewa Drupattie Sookdeo ta gama gasa gurasar roti, ta hau kekenta ta bi gefen gonakin rake. Shekara goma sha huɗu tana zaga gidajen garinmu Port Mourant, na Hindu da na Musulmi, tana roƙon mata su je a duba musu mama. Bana ciwon gwiwa ya zaunar da ita.

Ba mu yarda da ita ba, har da ni. Matar da aka ce sankara ta kama, ga ta da kumatu tana tuƙa keke? A kasuwa aka ce asibiti ke turo ta farautar mutane. Wasu suka ce gidan da ta shiga, ciwo na biye da ita.

Ranar da ta zo gidanmu, surukata Bibi Zorina ta tare ta a ƙasan bene.

"Ke Drupattie, wa ya aiko ki? Lafiyarmu lau."

"To me kike dannewa a hammata tun ɗazu, Yaya?"

"Ji 'yar sa ido! Ke ma ban yarda kin yi ciwon ba."

Drupattie ta ja mu ɗaki, ta zaro dunƙulen auduga daga rigarta, ta buɗe ƙirji. Tabo ne dogo, shafe.

"Ƙirga da idonki. Ɗaya ya tafi, ni na zauna."

Aka yi mako uku. Sannan Zorina ta bi ta motar Georgetown zuwa asibiti, tana hararar ta har suka isa. Ƙullutun da ta ɓoye mana wata biyar, aka cire shi da sauran lokaci.

Ke ce mai shan zagi a ƙofa ki dawo gobe, Drupattie. Ke kika tona asirin jikinki don namu ya tsira. Mata tara na sani a unguwarmu da suka bi ki.

Har yau Zorina takan ce, "Ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da take samu." Ta faɗa, ta zuba farfesun kifi a kwano, ta ce in kai miki tun da zafi.

Mun gode, kuma ki yafe mana. Ku kuma da kuka warke kuka yi shiru, ku fito. Wata na can tana dannewa da hannu.