Kunnen Katin Karsan

A wajenmu katin wasiƙa yana magana tun kafin a karanta shi. In aka yayyafa masa jan gari, biki ne. In aka yage kusurwarsa ɗaya, wadda muke ce wa kunne, to an yi mutuwa a gidan da ya fito. Irin wannan ba a shiga da shi ɗaki. A bakin ƙofa ake karanta shi, a yayyaga, a je a yi wanka.

Karsan ya san haka kamar kowa, shi ya sa yake riƙe katinsa da hannu biyu, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gadin mararrabar da titi ya ƙetare layin dogo, can bayan garinmu Sonwadi, inda babu komai sai ƙaya da ɗakinsa na dutse. Jirgi shida a yini. Ya rufe ƙyaure, ya ɗaga tuta, ya buɗe. Aji uku kawai ya yi a makaranta. Da ya ajiye aiki suka dawo cikin gari shi da matarsa Jiwi, ɗansu Manu kuwa yana birnin Surat. Nan Karsan ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Kunnensa yana ta jiran jirgin da ba nasa ba ne kuma.

A damina ta biyu maciji ya sare shi. Ya kwanta sati uku, ya tashi da tunani guda: mutane da yawa sun yi masa alheri, kuma da ya tafi, da babu wanda ya ji komai daga bakinsa. Mu ba mu saba godiya da baki ba, musamman ga na jiki. In ka ce wa ɗan'uwanka ka gode, sai ya ga ka mai da shi baƙo. Amma kati ba ya jin kunya.

Kowace Alhamis da hantsi sai ya shimfiɗa buhu a gindin dalbejiya, ya ɗora kati a kan faranti, ya tsoma alƙalami. Rubutunsa manya ne, a karkace, harshensa a waje yana bin hannun. Layi biyar kan ci masa rabin yini. In ya gama sai ya sa sunansa can ƙasa a kusurwa, ya taka zuwa jan akwatin gidan waya, ya saurari ƙaramar ƙarar da katin ke yi in ya faɗa ciki. Ya ce duk duniya babu ƙarar da ta fi masa wannan daɗi. Yana dawowa gida ya fi tafiyarsa sauƙi.

Ya rubuta wa direban jirgin da yake jefo masa dunƙulen kwal lokacin sanyi. Amsa ta zo, direban ya ce ya yi kuka a gaban jikokinsa. Ya rubuta wa mai aski, ya rubuta wa matar da ta shayar da Manu sanda nonon Jiwi ya ƙafe.

Sai ya rubuta wa Dayalji, malamin da ya koya masa baƙaƙe. Kwana tara da isar katin Dayalji ya mutu, aka ƙone gawarsa bisa al'adarmu. Ba wanda ya ce komai, tsoho ne tukuf. Ya rubuta wa mai maganin da ya zuƙe masa dafin maciji. Kwana huɗu, shi ma ya mutu. Na uku shi ne Pola mai haƙa rijiya, ƙaƙƙarfa, bai cika hamsin ba. An same shi zaune a inuwar katanga da rana tsaka, idonsa a buɗe, katin Karsan a hannunsa, da murmushi a fuskarsa.

Mutum talatin da suka karɓi kati suna nan lafiya, amma gari ukun nan ya riƙe.

"Kaka, ga shayinka," mai shayi ya ce wa Karsan. "Sha ka tafi, na roƙe ka kada ka gode mini. 'Ya'yana ƙanana ne."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Wani ya ce, "Ni ka rubuta wa surukata, Kaka. Ta yi maka alheri mai yawa, ka manta ne kawai."

Dilawar mai raba wasiƙa ya ce masa mata sun fara rufe ƙofa da sun ji ƙararrawar kekensa. Karsan ya saka alƙalamin a gwangwani ya rufe. Kati ɗaya ya rage masa, kuma ya san na wane ne.

Shekara talatin da ɗaya baya, wata rana da azahar, zazzaɓi ya kayar da shi a ɗakin dutse. Jirgin ƙarfe biyu ya taho, wata bas cike da 'yan biki ta nufo mararrabar, ƙyaure a buɗe. Jiwi ce ta bar kwaɓin gero ta fita a guje ta ja ƙyauren ƙarfen nan ita kaɗai. Bas ta tsaya hancinta na taɓa ƙarfe. Da Karsan ya farfaɗo, abin da ya fara ce mata shi ne me ya fitar da ita gaban maza ba mayafi. Daga baya aka ba shi takardar yabo da sunansa a kai. Ba su taɓa yin maganar ba.

Alhamis uku suka wuce, buhu yana rataye. Jiwi tana gasa gurasar gero, ba ta ɗago kai ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka ɗaura musu aure.

"Kana ji? Tawadar ce ta ƙare?"

"Tana nan."

"Mai aski ya samu nasa. Direba ya samu. Saura karen maƙwabta, shi ma ya taɓa yi maka haushin ɓarawo. Ni dai na ga ba na cikin lissafi."

"Uwar Manu, kin ji abin da ake faɗa."

"Na ji. Pola tun yana saurayi ƙirjinsa ke ciwo, uwarsa ta gaya mini. Kai har ka isa ka kashe mutum? Kunama ma ni nake kashe maka."

"In kuma gaskiya ne fa?"

Ta juya gurasar da yatsa. "To da na mutu ban ji ba, da na ji na mutu, wanne ya fi? Shekarata saba'in. Kada ka miƙo mini da hannu kuma. Ta akwati nake so, da hatimi, kamar na kowa."

Ranar Alhamis ya shimfiɗa buhu. Sau biyu tawada ta ɗiga. Da ya gama ya duba kunnuwan katin huɗu, ya sake dubawa, ya riƙe shi da hannu biyu har akwati. Ya sake shi. Ya kasa kunne, bai ji ƙarar faɗuwarsa ba.

Wasiƙar Sonwadi sai ta je birni an buga mata hatimi kafin ta dawo, ko da gidan da ke kallon akwatin za ta. Kwana huɗu ke nan. Karsan ya hana Jiwi zuwa rijiya, ya ɗebo ruwan da kansa. In ta yi tari sai ya miƙe tsaye.

"Zauna, tsoho. Barkono ne."

Ranar Litinin da hantsi Dilawar ya zo yana tura kekensa, bai kaɗa ƙararrawa ba. Ya tsaya a waje.

"Kaka, fito. Na rantse haka na ciro shi daga jaka. Ban taɓa shi ba."

Kunnen katin na ƙasa babu shi. Ba cin ɓera ba ne, ba goguwar jaka ba. An yage shi tsaf, yadda mai hankali ke yagewa da yatsa biyu. Gidan da katin ya fito shi ne gidan da ya zo, kuma mutum biyu ne a ciki.

Jiwi ta zo ta bayansa ta zare katin.

"Inna Jiwi, ba a shiga da irinsa!" in ji Dilawar.

"Nawa ne ko naka? Je ka raba wa mutane nasu."

Ta shiga da shi har gindin murhu. Ta yanko ƙyalle daga bakin mayafinta, ta zura allura, ta ɗinke wa katin sabon kunne ja. Sannan ta miƙa wa Karsan, don ita ba ta karatu.

Ya karanta a hankali, yana tuntuɓe a kan rubutun kansa. "Zuwa ga uwar Manu. Ranar bas, ke kika rufe ƙyaure. Mutum arba'in suna raye saboda ke, ni ma ban shiga kurkuku ba. Takardar da aka ba ni taki ce. Na yi miki faɗan mayafi don kunya ta kama ni. Na gode."



"Ba ka sa cewa takalmina ya tsinke ba," in ji ta. "Sabo ne fa."

Sai ta ja mayafin ta rufe fuskarta gaba ɗaya, abin da ta daina yi a gabansa tun Manu yana goye. Kafaɗunta suna motsi. Karsan ya fita ya ba ta wuri.

Rigar da ya sa ranar Alhamis tana rataye a ƙusa, ba wanda ya taɓa ta. Ya saukar da ita zai saka, ya ji wani abu a aljihun ƙirji. Ɗan guntun kati ne mai kusurwa uku. A jikinsa akwai baƙi ɗaya da hannunsa, harafin farko na sunansa.

Bai tuna ya yaga ba. Ya tsaya a tsakar gida da rana a kansa yana juya guntun, yana neman tsoro a cikinsa, bai samu ba. Sunansa ne a kai, ba nata ba. Ya mayar da shi aljihu ya danne da tafin hannu, ya leƙa ɗaki ya tambaya ko akwai sauran nono.

Ya rasu a wannan shekarar, gero yana fitar da kai, a zaune a gindin dalbejiya. Jiwi ta ƙara shekara goma sha huɗu. Katin yana jingine a alkuki kusa da fitilar ibada, kuma duk Alhamis takan tare Dilawar a ƙofa ta sa shi ya karanta mata, ko da yake ta riga ta haddace. In ya kai ƙarshe sai ya yi shiru, don inda sunan mai rubutun ya kamata ya fara, jan ƙyalle ne.