Burul da Hayaƙin Arca

Duk direban da ya san hanyar Narin ya san Burul. Da an gangaro daga tsaunin Dolon, birki ya yi zafi har yana wari, akwai wani fili a bakin kwana inda tireloli ke tsayawa su huce. A nan rumfarta take, ita ce ta farko, da gangunan kimis a bakin ƙofa. Tun tana amarya take zuba wa matafiya wannan nonon goɗiya mai tsami, yanzu ga ta da jikoki, kuma ba a taɓa ganin ta koma gida da ragowa ba.

In ka tambaye ta sirrin ba ta ɓoyewa, don Burul ba ta iya ƙanƙan da kai ba, ni kuwa ban ga laifinta ba. Hayaƙi ne. Kafin a zuba nono sai ta kifa gangar katako a kan garwashi, ta turara ta da ganyen arca, wata bishiyar tsauni mai ƙamshi, har ƙamshin ya shige jikin katakon. Haka uwar mijinta ta koya mata, haka facalolinta da ke jere a bayanta suke yi. Can ƙarshen layi kuwa, inda hanya ta miƙe motoci suka fara gudu, akwai rumfar Batma, wadda aka auro daga At-Bashi. Ita a salkar fata take haɗa nata irin na garinsu, ba ruwanta da arca, kuma kullum sai ta kwashe rabi ta koma da shi. Da yamma Burul takan ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Batma, yau ma maruƙa za su sha daɗi? Don Allah ki aiko in turara miki, kada baƙo ya ce a Dolon aka ba shi ruwan wanki."

Sai facaloli su bushe da dariya. Batma kuwa sai dai ta ɗaure bakin salkarta. Duk shekarun nan Burul ba ta taɓa ɗanɗana kimis ɗin matar ba, don a ganinta cinikin kansa ya riga ya yanke hukunci.

Abin da direbobi ba su sani ba shi ne, Burul ta taɓa fara karatun tattalin arziki a Bishkek, babban birnin ƙasar. Shekarar da tsohuwar gwamnati ta ruguje aka raba wa mutane dabbobi, mahaifinta ya rasu, ta dawo gida don ta kama wa uwarta, daga nan sai aure. Abin ya tsaya mata a rai. Da ta aurar da autarta, sai ta je jami'a a Narin ta yi rajista cikin masu karatu daga gida, waɗanda ke zuwa aji na 'yan makonni su koma. Mijinta Duishon ya ce, "Ke da kin haifi malaman?" Ta ce, "To sai su riƙa tashi suna ba ni kujera."

Malamar ƙididdiga, Aizirek, sa'ar 'yarta ce. Tana kiran Burul eje, wato babbar yaya a yarensu, saboda girma, Burul ma tana kiranta eje saboda malanta, aji ya yi ta dariya. Ita ta koya musu lissafin da suke kira regiresiya. Ka zuba wa manhaja bayananka, ita kuma ta auna maka nauyin kowane dalili a kan abin da kake bincike, in ta ga dalili mai ƙarfi ta liƙa masa taurari a gefe. Yatsun da suka saba tatsar goɗiya ba su san lallashi ba, don haka in Burul na buga madannai har ɗakin maƙwabta ake ji. Amma kanta na ja, ta riga yaran gane abin.

Da aka zo zaɓen batun rahoton ƙarshe ba ta yi dogon tunani ba: me ke sa kimis ya yi kasuwa? Ta shafe bazara guda tana bin rumfunan hanya tun daga Dolon har kusa da Kockor, tana tambayar mata lita nawa suke sayarwa, a kan kuɗi nawa, goɗiyoyi nawa gare su, da arca suke turare ko a'a. Da kaka ta kai bayanan aji, ta zuba, ta danna. Sai ga taurari uku reras a gefen arca. Burul ta miƙe tsaye a tsakiyar aji ta kira Duishon a waya.

"Ka gaya wa matan 'yan'uwanka, ilimi ma ya sa hannu."

Aizirek ta zo ta duba allon, ta jima tana kallo, sannan ta ce, "Eje, masu arcan nan, a ina rumfunansu suke?"

"A bakin kwana mana. Danginmu suka riga kowa kama wuri."

"To ki auno nisan kowace rumfa daga inda motoci ke tsayawa, ki ƙara shi a ciki mu gani."

Burul ta ji haushi, ta ce a ranta yarinyar nan ko goɗiya ba ta taɓa tatsa ba. Amma ta sa Duishon ya ɗauke ta a mota suka bi hanyar suna aunawa. Ta dawo ta ƙara layin nisa, ta danna. Taurarin nan uku suka tashi daga gefen arca suka koma gefen nisa, suka bar arca fayau. Ta sake dannawa. Ta ce kwamfutar ce ta tsufa, ta koma kan wata, abu ɗaya. Aizirek ta zauna kusa da ita ta nuna mata a hankali: akwai masu arca da ke nesa da wurin tsayawa, cinikinsu bai fi na Batma ba, akwai kuma marasa arca a bakin wasu kwanonin, suna sayarwa kamar Burul.

Ranar Burul ba ta ci abincin rana ba. Ba maki ne ya dame ta ba, sunanta ne. Abin da ta gina kanta a kai tun tana amarya, abin da ta yi ta yi wa Batma gori da shi, ga shi wata na'ura ta ce wuri ne kawai ta gada. Da ta gaya wa Duishon a gida ya ce, "Goge layin mana. Kafin ki sa shi ai komai lafiya lau. Wa ya sani?"

Ta dube shi sheƙeƙe. "Ka taɓa ganin na tsarma kimis da ruwa?"

"A'a."

"To wannan ma ba zan tsarma ba."

Ranar kare rahoto ta sa ɗankwalinta na biki, ta tsaya gaban malamai ta karanta sakamakon da muryar da take kiran direbobi. Ta ce bayananta ba su nuna hayaƙin arca na ƙara ciniki ba, abin da ke sayar da kimis a hanyar nan birki ne. Wani dattijo cikin malaman, wanda ya sha tsayawa a rumfarta, ya cire tabarau ya ce, "Amma fa naki da daɗi, baiwar Allah." Ta ce, "Da daɗi ƙwarai. Sai dai ban auna daɗi ba, ciniki na auna." Suka ba ta biyar, makin da babu na sama da shi. Aizirek ta rungume ta a bakin ƙofa, Burul kuwa ta ji alfaharin da ko ranar taurari uku ba ta ji irinsa ba.

Da bazara ta zagayo goɗiyoyi suka haihu, aka sake buɗe rumfuna. Ranar farko Burul ta wuce gangunanta, ta wuce facalolinta suna bin ta da kallo, ta taka har ƙarshen layi ta zauna a bencin Batma.

"Zuba mini."

Batma ta dube ta. "Wani sabon gorin aka zo da shi?"

"Gorin ya ƙare. Na yi bincike, laifin wurinki ne, ba na hannunki ba. Na faɗa a gaban malamai, ga shi ina faɗa a gabanki."

"Sai da na'ura ta gaya miki?"

"Na'ura ba ta ce naki da daɗi ba. Ta dai nuna mini ban sani ba, shi ya sa na zo."

Batma ta kwance bakin salka ta cika kwano. Burul ta kafa kai ta shanye, ta goge baki. Da ƙyar ta ce, "Ƙaro." Kafin ta tashi ta ce wa matar gobe ta kawo salkarta nan bakin kwana, akwai ƙusa a jikin rumfarta da ba a rataye komai.

Washegari direbobi suka tarar da Burul tana tambaya, "Na arca ko na At-Bashi?" Har yau tana rantsuwa cewa nata ke riga ƙarewa, kuma ba ta yarda kowa ya auna ba. Amma da yammar ranar facaloli sun ga Batma ta nufi gida, salkar a naɗe a hammatarta babu ko ɗigo a ciki, tana tafiya tana share ido da bakin ɗankwali.