Neman Sunan Mahaifiyata a Gidan Alƙali

Ban san sunan mahaifiyata ba sai da aka haifa mini ɗiya. Na daɗe ina jin nauyin rubuta haka, don kada a ɗauka ban damu da ita ba.

Ina ɗan yaye aurenta da Baba ya mutu. Ta koma wurin danginta wajen Tafoki, ba a jima ba ta rasu. Danginta masu shanu ne, tuni suka tashi, wasu sun ce Sabuwa suka nufa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta rene ni a gidanmu na Pauwa. In zancen ya zama dole, sai ta ce "waccan ta Tafoki". Baba kuwa ni ne ɗan farinsa. Ko sunana ba ya kira, balle ya zauna da ni yana zancen matar da suka rabu.

Kafin mulkin kai da 'yan shekaru, na gama elemantare ina aikin awon auduga a Ƙanƙara, matata ta haifi mace. Nan da nan raina ya ba ni in yi wa mahaifiyata takwara. To, da wane suna? Na sha zuwa ƙofar ɗakin Gwaggo in tambaye ta, sai in ƙare da tambayar lafiyar awaki. Tsorona kada ta ga kamar renonta ne bai ishe ni ba. Ga ranar suna tana matsowa, abinci ya daina shiga.

Na taɓa jin an ce mahaifiyata da kanta ta kai maganar rabuwar gaban alƙalin Faskari. Makaranta kuma ta sa na yarda duk abin da ya je gaban hukuma yana nan a rubuce. Na ce in na samu a littafi, ba wanda zan ɓata wa rai. Na ari keke na tafi, ban gaya wa kowa ba.

Ranar kasuwa ce, ƙofar gidan alƙali cike da masu jira. Alƙali bai fito ba tukuna. Muhuti, wato malamin da ke rubuta masa shari'a, yana zaune kan buzu a bakin zaure yana feƙe alƙalami. Na cire takalma na durƙusa.

"Mi ya kawo ka, ɗan boko?"

"Allah gafarta Malam, wani tsohon saki nike nema a littafi."

"Na wace mata?"

"Ai sunanta ne na zo nema."

Ya ɗago ya dube ni. "To, na wane miji?"

Nan na tsaya. Tun da nake ban taɓa furta sunan Baba da bakina ba, kuma duk tsawon hanya ban tuna za a tambaye ni ba. Na zaro fensir na rubuta a tafin hannuna, na miƙa masa.

"Ni ba duba nike yi ba," in ji muhuti. "Kuma ban iya bokonku ba. Kai, zo ka karanta mana hannun nan."

Ɗan dokan da ke tsaron ƙofa ya zo ya kama hannuna, ya haɗa baƙaƙen da ƙyar. Shi kuwa duk sunan da aka ba shi a ƙofar nan, kira ya saba yi. Kafin in ce wani abu ya juya wajen jama'a ya ɗaga murya, ya kira sunan Baba da na garinmu, kamar yadda ake kiran wanda aka yi ƙara. A cikin masu jira na hango wani mai sayar da goro, maƙwabcinmu. Ya riƙe baki yana kallona.

Muhuti ya ga halin da nake ciki, ya sassauta. Ya ce littattafan wancan zamani wasu an kwashe su zuwa Katsina, sauran gara ta shiga. Ya ce kuma ba da suna ake jera su ba, rana bayan rana ake rubutawa, sai in na san shekara. Na ce ina ɗan yaye. Ya ce, "Yaro, kowa ya yi yaye." Duk da haka ya buɗe mini wani akwati. Na ɗaga takarda ɗaya, gefenta ya zube a hannuna kamar dusa, rubutun kuma Larabci ne da ya fi ƙarfin karatuna. Na yi godiya na fito.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tankaɗe, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"An ce ka kai ubanka ƙara."

"Wallahi ba ƙara ba ce, Gwaggo."

"To waƙa ɗan doka yake yi da sunanshi?"

Na durƙusa na gaya mata komai. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ina nan zaune da bakina, ka tafi tambayar takarda."

"To ki gaya mani, Gwaggo."

"Da can sai in gaya maka. Yanzu kam sai wanda ka kunyata."

Na je zaure na gaida Baba. Yana tufka igiya. Ya amsa gaisuwa yadda ya saba, bai ɗago ba, ni kuma na tashi na fito. Kwanakin da suka rage ban fita masallacin unguwa ba, a ɗaka nake salla. Na haƙura, na zaɓi wani suna dabam na ajiye a raina.

Ranar suna da safe aka taru a ƙofar gida. Da liman ya karkato kunne, ina shirin matsawa, sai na ga Baba ya riga ni. Ya raɗa masa wani abu. Liman ya yi addu'a, aka faɗi suna, aka shafa. Ba wanda na zaɓa ba ne. Na ɗauka hukuncina ke nan, kuma na ga ya dace da ni.

Can sai Gwaggo ta leƙo ta bayan asabarin zaure, idonta ja.

"To, ga uwarka nan ta dawo gida. Sai ka riƙe ta da kyau."

Na dubi Baba. Goro yake rabawa, kansa a ƙasa. Bai kalle ni ba, sai ya juya ga liman ya yi magana.

"Malam, a gaya wa yaron nan, in ya sake samun tambaya ya aiko gwaggonshi. Faskari da nisa."

Mutane suka yi dariya. Ni na rasa inda zan sa fuskata, don na san sunan da ya ƙi ambata tun ina jariri ne na sa ya furta.

Daga ranar kowa a gidan Inna yake ce mata, ni ma haka. Sunan da na yi ta nema ya zo hannuna, amma ba shi faɗuwa a bakina: na mahaifiyata ne, kuma na 'yar fari. Da ta isa shiga makaranta ni na kai ta. Malamin ya ce, "Sunanta?" Na laluba aljihu na zaro fensir, na buɗe tafin hannuna.